An ba ni aikin bayan fage a bikin wasan kwaikwayo, ta ina zan fara?

Tambayar ta zo daga wani matashi a ƙasar Argungu. Ya ce ƙungiyar matasan garinsu za ta shirya bikin wasan kwaikwayo bayan kaka: ƙungiyoyi shida daga garuruwan da ke kewaye, kwana biyu, a filin makarantar firamare. Shi ba a ba shi fitowa ba, an ce ya riƙe bayan fage. Yana son sanin me zai koya, wurin wa zai koya, da yadda za su shirya don kada a ji kunya.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi jagora. Na lura da yadda ka ce ba a ba ka fitowa ba, kamar an rage maka wani abu. Cire wannan daga ranka. Idan ƙungiya ɗaya ce ke wasanta, darakta ne mai faɗa a ji. Amma ƙungiyoyi shida a fage ɗaya, kowace da daraktanta, kowace na ganin wasanta ne ya tara jama'a, dole a sami mutum guda wanda ba ya cikin wasan kowa, yana riƙe da agogo da littafi, kuma kowa na bin umarninsa. Shi ne manajan dandamali, kuma aikin da aka ɗora maka ke nan.

Fara da agogo, tun kafin ka yi tunanin fitila ko lasifika. A Disamba da Janairu, a yankinmu, kafin a idar da La'asar jama'a su taru ƙarfe huɗu da rabi ta yi, Magariba kuma wajen shida da rabi. Minti 120 ke nan gare ku, ƙungiya uku kowace rana. Ba addu'ar buɗewa da jawabin uban taro minti 15. Ba kowace ƙungiya minti 25, ya zama 75. Sauyin kaya tsakanin wasa da wasa sau biyu, minti biyar-biyar, ya zama 10. Jimla 100, saura 20 na abin da ba a zata ba. To yanzu ka ɗauka kowane sauyi ya ci minti 15, wani babban baƙo kuma ya karɓi makirfo ya ƙara goma. Ƙungiya ta uku tana dab da warware labarinta ladan zai kira salla, mutane su miƙe, kuma ba za su dawo ba. Yaran da suka kwashe makonni suna bita, suka haɗa kuɗin mota daga garinsu, za su koma gida ba wanda ya ga ƙarshen wasansu. Yawancin rigimar da na gani a irin waɗannan bukukuwa daga nan take tasowa, kuma takan hana a sake taruwa baɗi.

Saboda haka tun yanzu ku aika wa kowace ƙungiya da takarda mai ƙa'ida biyu: wasa kada ya wuce minti 25, kayan dandamali kuma kada su fi abin da mutum huɗu za su ɗauka a sawu ɗaya. Wa zai fara wa zai rufe, a jefa ƙuri'a a gaban wakilan kowa. Maroƙa da masu liƙi a ba su lokacinsu bayan wasa na ƙarshe, mai gabatarwa ya faɗi haka da bakinsa tun a farkon taro. Lokacin da kake sauya kaya kuma, kada a bar fage shiru. Mai kalangu ko wani mai barkwanci ya fito gaba ya riƙe jama'a, amma ku yi alkawari da shi cewa da ka ɗaga hannu zai sauka.

Sai littafi, wanda shi ne ainihin sana'ar. Sayi babba mai bango mai kauri, irin na rajistar makaranta, ka ware wa kowace ƙungiya shafukanta, kuma da fensir za ka riƙa rubutu domin komai zai sauya. Za ka tarar yawancin ƙungiyoyinmu ba su da rubutaccen wasa. Sun san labarin, sun san wa zai shiga bayan wa, maganar kuma tana fitowa nan take, kamar yadda muka gada daga tashe da wasan gauta da kalankuwa. Wannan baiwa ce, kada ka ce sai sun haddace takarda. Abu ɗaya kawai za ka roƙi kowane darakta: maganar ƙarshe ta kowace fitowa ta zama tsayayya, ba ta canzawa. Ɗan wasa ya zaga duk inda ya ga dama, amma da wannan jimla zai rufe, domin ita ce kake jira ka ba da alama. Shafinka zai kasance kamar haka: Fitowa ta 3, gidan Malam. Tabarma, buta, allo biyu. Malam ya shigo ta ƙofar kudu, matarsa ta ƙofar arewa. Maganar ƙarshe, "To, mu tahi wurin alƙali." Kalangu ya tashi, a naɗe tabarma, a shigo da kujerar alƙali.

Ka ga na rubuta kudu da arewa, ban rubuta dama da hagu ba. Daman ɗan wasa hagun ɗan kallo ne, kuma a cikin gaggawa wannan na rikita mutane sosai. Mu kuwa ko yaro aka aika ya san gabas ya san yamma. Yi amfani da abin da mutanenka suka riga suka iya.

Alama daga mutum ɗaya take fitowa. Kai ɗan ƙasar Kabi ne, ka san yadda ake yi a kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi: dubban masunta a jere da homa da gora, kowa na ɗokin faɗawa ruwa, amma sai an ji ƙarar bindiga guda. Haka bayan fage yake. Darakta ba ya ba mai sauti umarni ranar biki, shugaban ƙungiya ma haka, kai kaɗai. Kuma alamar hawa biyu ce: ka ce "shirya" saura kaɗan, sannan ka ce "yi" a daidai lokacin. Zauna kusa da mai sauti yadda za ka iya taɓa kafaɗarsa, ka sa mataimaki ɗaya a kowace ƙofa, ku yi magana da ɗaga hankici ko hasken tocila. Kada ka dogara da kiran waya, a cikin hayaniyar taro ba mai jin ta.

Fagen kansa ba ya buƙatar katako. Dandamalin da aka haɗa da duro da falanki ko bencinan aji yana rawa, yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, kuma yana iya karya yaro. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun tsakiyar shekarun 1970, da jar ƙasa aka gina gidan wasan kwaikwayonsu a siffar gidan Bahaushe, kuma daga can malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka suna yin wasanni irin su Wasan Manoma da Wasan Maska a fili, a tsakiyar jama'a. Ku share fili, ku yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ku shata iyaka da toka ko farar ƙasa. Yara a kan tabarmi a gaba, kujeru a bayansu, masu tsayuwa a can baya, ɓangaren mata daban da hanyarsu ta shiga. Ku ja igiya tsakanin yaran da fage, ku zaunar da dattijo ɗaya a wurin, in ba haka ba kafin wasa na biyu yara sun cinye rabin filin.

Da yamma rana na yamma, don haka 'yan kallo su ba ta baya su fuskanci gabas. Hasken zai sauka a fuskar 'yan wasa, wanda shi ake so. Idan kuka juya akasin haka, jama'a za su wuni suna kare ido da hannu suna kallon inuwoyi. Bangon baya kuma, zana ko asabari sun fi yadi a lokacin hunturu, domin iska na ratsa su, yadi kuwa kumbura yake yi ya tumɓuke sandunan. A kafa dirkoki da zurfi, a danne gindinsu da buhunan yashi. Zana ɗaya ta ishi duk ƙungiyoyin. Kujera da darduma sun mai da wurin fada, turmi da taɓarya sun mai da shi tsakar gida, faifan tumatir biyu sun mai da shi kasuwa. Ɗan kallonmu ba ya buƙatar a zana masa gari kafin ya gane inda yake.

A bayan zanar, shimfiɗa tabarma guda ga kowace ƙungiya, ka jera kayan hannunsu a kai: sanda, tasbaha, ƙwarya, lauje, jakar boka. Manna 'yar takarda mai sunan kowane abu a gurbinsa. Da ka waiwaya ka ga gurbi babu komai, ka san abin da ya ɓace tun kafin mai shi ya zo nema. Wanda ya ɗauka ya mayar wurin da ya ɗauka, ko da shi ne tauraron garinsu.

Sauti shi ne inda aka fi shan wahala. Wannan kukan da lasifika ke yi mai huda kunne yana faruwa ne idan makirfo ya ji abin da ke fitowa daga lasifika ya sake mayar mata. Maganinsa, lasifikoki su tsaya gaba da layin 'yan wasa suna kallon jama'a, makirfo kullum a bayansu. Wanda za ku ɗauko haya ya saba da biki da gangamin siyasa, hannunsa zai kai ga ƙara amo da rugugi. Roƙe shi da girmamawa ya kashe amon gaba ɗaya, domin magana ake son ji kalma-kalma. Ni ba na son makirfon hannu da ake miƙa wa juna a tsakiyar wasa. Mace na kuka an sake ta, sai ta tsaya jiran a miƙo mata abin magana, wasan ya mutu. Gara a kafa biyu ko uku a kan sanda a bakin fage, a koya wa 'yan wasa matsowa kusa da ɗaga murya daga ciki. In kun sami na maƙalawa a riga, madalla, amma batir sabo kowace rana, kuma mai sauti ya rufe na duk wanda ya fita fage, don kada jama'a su ji yana tambayar ina hularsa. A sa wa kowane makirfo soso saboda iska. Kiɗan da za a saka kuma a tara shi a filasha ko a waya guda da aka cire wa layi, kada kira ya shigo a tsakiyar makoki.

Ko da rana za ku yi, ku tanadi fitila, domin hazo na iya duhunta fili kafin shida. In kuma kun nace sai an yi wani ɓangare bayan Isha'i, to wuta ta zama babban aiki, kuma nan nake so ka natsu. Kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a jiki. Tara su duka. Fitilar LED mai wat 50 guda shida, wat 300 ke nan. Tsohuwar fitilar halojin mai wat 500 guda shida kuwa 3,000 ce. Janareta mai 2.5kVA abin da yake iya bayarwa a zahiri wajen wat 2,000 ne, kuma bai kamata a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan ba. Ka ga da LED zai ɗauki fitilu da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, cikin sauƙi, da halojin kuwa zai durƙushe tun ba a kunna lasifika ba. Ga shi halojin na zafi ƙwarai, kusa da busasshiyar zana gobara ce ke jira. Kada a bar masu cajin waya da mai firjin soɓorodo su jona a layinku. Wayar da ke naɗe a kan gargare a warware ta duka kafin a ɗora mata kaya, domin a naɗe zafi take tarawa har ta narke. Duk mahaɗa a naɗe ta da salatif ɗin wuta, a ɗaga ta daga ƙasa, inda mutane ke wucewa kuma a binne wayar ko a rufe ta.

Janareta a fili yake zama. Kada wani ya ce a sa shi cikin aji a rufe don rage ƙara, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba, kuma a ajin ne yara za su shiga sauya kaya. A kai shi bayan gini, nesa da tagogi da aƙalla mita shida, a ja doguwar waya mai kauri. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, don haka a cika tanki kafin a fara. Bokitin yashi biyu a kusa, ɗaya wurin janareta ɗaya bayan zana, kuma kowa ya sani ba a watsa wa wutar lantarki ruwa. Fitilun a ɗaure su a kan dogayen sanduna biyu, ɗaya ta kudu ɗaya ta arewa, gaba da fage, hasken na saukowa a karkace daga sama. Fitilar da aka ajiye a ƙasa tana haska ƙasan haɓa ta mai da kowa dodo, wadda ke bisa kai tsaye kuma tana ɓoye ido a ƙarƙashin hula da rawani.

Sutura da kwalliya ba su da wuya a wurinmu. Gemun auduga da ƙaro yaran tashe sun daɗe da iya shi, hoda na ba da furfura, jagira na zana tamoji a goshi. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kwalli na dutse: yawancinsa na ɗauke da dalma, kuma bayan abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba mu da uzurin shafa wa yaro shi a fuska don wasa. Jinin ƙarya, soɓorodo mai kauri da ɗan sitaci ya isa, sai dai yana kama tufa, kada a zuba shi a rigar aro. Ɗakin sauya kaya biyu, na maza da na mata, na matan da dattijuwa a bakin ƙofa wadda iyaye suka yarda da ita. Samun yardar iyayen 'yan mata ya rataya a kan irin wannan tsari fiye da duk wani lallashi.

Tun ran gini tun ran zane: izini kafin komai. Shugaban makaranta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma don fili, hakimi da uban ƙasa don albarkarsu, Dipio a rubuce, sannan limami da Hisba ku kai musu taƙaitaccen labarin kowane wasa da ƙafarku kafin su ji a bakin wani. Idan akwai ɗan sanda ko soja a cikin labari, kada a ari kakin gaske, tela ya ɗinka mai kama da shi, kuma a sanar da Dipio. Bindiga ta katako ce, adda da takobi a dakushe su. A halin tsaron da ake ciki kada wanda ya kuskura ya fasa nokawut don ƙarar harbi, mutum ɗaya ya zabura taro ya watse a tattake yara. Falanki biyu da aka buga da juna a bayan zana sun wadatar. Ku kuma duba kada wani wasa ya kwaikwayi wani sananne a gari har a gane shi. Dariyar minti biyar ce, gabar kuwa ta shekaru.

Wajen kuɗi, ku ba da kafin alƙalami na lasifika da kujeru da rumfa da wuri, domin bayan kaka lokacin aure ne kuma masu haya ba sa zama. Ku kauce wa azumi da makon bikin kamun kifi, wanda yakan faɗo a Fabrairu ko Maris. Ruwan sha da abincin ƙungiyoyin da suka zo daga nesa su shiga lissafi tun farko.

Wurin wa za ka koya? Malamanka suna cikin gari. Bi mai hayar lasifika zuwa biki ko wa'azi, ka ɗaukar masa kaya, ka ga yadda yake jona miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirfo, da amfilifaya da abin da yake fara kunnawa da abin da yake fara kashewa. Zauna da mai wayarin ya nuna maka bambancin waya mai kauri da siririya da yadda ake gane layi ya yi nauyi. Kafinta ya koya maka ɗaurin da ba ya kwancewa. Malaman Hausa a kwalejojin ilimi, irin ta Adamu Augie da ke nan Argungu, suna koyar da wasan kwaikwayo a cikin darussansu, ka je da littafinka ka gaishe su ka nemi su duba tsarinka. Bidiyon YouTube na da amfani wajen fitila da sauti, amma yawancinsu na gidajen wasa ne masu rufi da wuta tsayayya, ka ɗauki dalilin abin ka bar kayan. Sannan kada ka riƙe ilimin kai kaɗai. Zaɓi matasa shida, har da mata biyu don ɓangaren sutura, kowa da aikinsa guda da aka rubuta da sunansa.

Ana gobe biki, kowace ƙungiya ta zo ainihin filin, in da hali a ainihin lokacin, ta sami rabin awa. Ba wasan za su maimaita ba, wannan sun yi a gida. Shiga da fita za a gwada, da maganganun ƙarshe, da tsayuwa a gaban makirfo. Ku kuma 'yan bayan fage ku yi ta maimaita sauyin kaya kana duba agogo, wa ke ɗaukar turmi, wa ke naɗe tabarma, ta wace ƙofa, har ya sauko ƙasa da minti biyar ba tare da kowa ya yi magana ba. Ku sa tufafi masu duhu iri ɗaya, takalmi mai rufi saboda ƙusa da kunama.

Idan an tashi, jama'a za su watse, 'yan wasa za su tafi ɗaukar hoto, aikinku kuwa da saura. A kashe amfilifaya, sannan miksa, sannan fitilu, janareta a ƙarshe, don haka kowa ya riƙe tocilarsa. A ƙirga makirfo da kujeru a gaban mai su a daren, a cike ramukan dirkoki, a share filin domin yara za su yi taron safe a kansa. A shafin ƙarshe na littafinka akwai jerin kayan aro da sunan mai kowane: babbar rigar baban wane, turmin gidan wane, dardumar fada. A wanke na wankewa, a mayar cikin kwana biyu, kai da kanka tare da godiya, abin da ya lalace kuma a faɗa a biya kafin mai shi ya gano. Bayan mako guda ku zauna da wakilan ƙungiyoyin shida, ka karanta musu minti nawa kowane wasa da kowane sauyi ya ci, a rubuta gyaran da aka amince da shi, a ajiye littafin wurin sakataren ƙungiya don wanda zai riƙe bayan fage baɗi.